Yadda Ake Zaɓar Op-amp Mai Araha Don Haɗa Amfilifayar Hedifon

Amfilifayar hedifon tana cikin abubuwan da mai koyon haɗa kayan lantarki kan fara da su, domin kayanta ba su da yawa: IC ɗaya mai ƙafa takwas, 'yan razista da kafasita, bolum, sai batir. Sanannen tsarin nan da ake kira CMoy, wanda Chu Moy ya fitar a ƙarshen shekarun 1990, bai wuce haka ba. Inda sabon shiga kan rikice shi ne wajen IC ɗin, wato op-amp, ɗan guntun da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Akwai ɗaruruwansu masu kama ɗaya, kowanne da masu zuga shi, wani kuma kuɗinsa ya ninka na wani sau da yawa.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, hedifon ɗinka da batirinka su ne za su zaɓa maka IC. Yawancin op-amp ba don su tuƙa hedifon aka ƙera su ba, an yi su ne don su miƙa sauti ga wani sashe mai ohm dubbai. Saboda haka IC mai tsada da ake yabo zai iya shaƙewa a kan hedifon mai ohm 32, alhali wani mai araha yana tafiyar da shi ba wahala.

Kayan da za ka tanada

- Mita ta dijital wadda ke auna mV na DC, da mA, tana kuma da wurin gwada dayod.
- Soket mai ƙafa takwas, irin DIP-8, biyu ko uku. Kada ka manna IC kai tsaye da dalma a kan allo alhali kana cikin gwaji.
- Allon gwaji irin wanda ake soka kaya ba tare da dalma ba, da ayan da dalma don aikin ƙarshe.
- Batir mai bolt 9 guda biyu da maɗauransu.
- Razista: 1k, 2.2k, 4.7k, 10k, 100k, da mai ohm 33 guda biyu da za su tsaya a madadin hedifon lokacin gwaji.
- Kafasita: 100 nF ta seramik guda biyu, 220 µF ko 470 µF mai jure bolt 25 guda biyu, da ta fim daga 0.47 µF zuwa 2.2 µF don ƙofar shigar sauti.
- Tsohon iyafis wanda ba za ka ji ciwo ba idan ya ƙone.
- Takardar bayanan kowane IC da kake tunanin saye. Kamfanonin suna ba da ita kyauta a intanet.

Mataki na 1: Fara da hedifon

Duba kwalinsa ko shafin kamfaninsa ka samo lamba biyu: ohm ɗinsa, da ƙarfin ƙarar da yake bayarwa a kan miliwat ɗaya, wanda ake rubutawa dB/mW. Da waɗannan biyu za ka san bolt nawa da mA nawa IC zai bayar.

Akan yi lissafin ne a kan dB 110. Ba wai za ka saurara a haka ba, hakan na lalata ji. Sarari ne ake bari don bugun ganga da sauran wuraren da sauti ke tashi farat ɗaya. Ƙa'idar ita ce kowane ƙarin dB 10 yana neman ƙarfi ninki goma, kowane dB 3 kuma ninki biyu.

Ɗauki hedifon mai ohm 32 da 100 dB/mW. Yana buƙatar miliwat 10 ya kai dB 110. Wannan ya kama bolt 0.57 da kusan mA 18, a ƙololuwa kuma mA 25. Sai ka ɗauki mai ohm 300 da 97 dB/mW: yana buƙatar miliwat 20, wato bolt 2.45, a ƙololuwa kusan 3.5, amma abin da yake ja bai kai mA 12 ba. Ka ga na farko karent yake nema, na biyu kuma bolt yake nema, ba lallai IC ɗaya da batir ɗaya su wadatar da su duka ba.

Idan ba ka samu lambobin ba, auna ohm ɗin da mita tsakanin kan filogi da gindinsa. Abin da za ka gani yana kusa da na gaskiya. Ƙasa da ohm 64, nemi IC mai ba da karent da yawa. Sama da ohm 150, mai da hankali kan bolt.

Mataki na 2: Yanke shawarar wutar da za ka ba shi

Op-amp na sauti yana son wuta gida biyu, fulos da mainos, da giraun, wato layin sifili da ake auna komai daga gare shi, a tsakiya. Da batir ɗaya mai bolt 9, akan raba shi da razista 4.7k guda biyu da manyan kafasita biyu, a samu bolt 4.5 kowane ɓangare. Matsalar ita ce tsofaffin IC irin su NE5532 ba sa iya kai fitarsu har bakin wutar, sukan ci bolt ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane ɓangare. Abin da ya rage maka bai wuce bolt 3 ba a sabon batir, idan ya sauka zuwa bolt 7 kuwa abin ya ƙara ƙanƙancewa. Hedifon mai ohm 300 ɗin nan ba zai ƙoshi a haka ba.

Batir biyu a jere suna ba ka bolt 9 kowane ɓangare, mahaɗarsu ta zama giraun na gaskiya. Ni wannan nake zaɓa duk lokacin da akwatin zai ɗauka. Amma ka riƙa canza su tare, ka kuma sa makunni mai yanke layi biyu lokaci ɗaya, domin idan ɗaya ya mutu ya bar ɗaya, DC, wato wuta tsayayya irin ta batir wadda ba sauti ba ce, na iya kwarara cikin hedifon.

Idan dole sai batir ɗaya, kana kuma da hedifon mai ƙarancin ohm, sa TLE2426, wani ƙaramin IC mai raba wuta gida biyu, a madadin razistocin nan biyu. Yana riƙe tsakiyar daidai, sai dai abin da yake iya bayarwa kusan mA 20 ne, don haka kada ka cire manyan kafasitocin.

Mataki na 3: Layuka biyar a takardar bayanai

Takardar na iya kai shafi talatin, amma abin da ya shafe ka kaɗan ne. Mafi ƙarancin wutar da IC ke aiki da ita. Karent ɗin da yake iya fitarwa. Karent ɗin da yake ci yana zaune ba sauti, domin shi ke nuna daɗewar batir; batir alkalin mai bolt 9 yana ɗauke da kusan mAh 500, ka raba da abin da IC ke ci. Karent ɗin da ƙafafun shigarsa ke ja, wanda za mu daɗe a kansa a mataki na 5. Sai ko yana zama lafiya a ninki ɗaya (ninki shi ne sau nawa IC ke ninka sautin da ya shigo masa), ko yana da mafi ƙarancin ninkin da yake yarda da shi.

Saurin IC da yawan megahaz ɗinsa su ne aka fi tallatawa, su ne kuma suka fi ƙarancin amfani a nan. Don fitar da bolt 3.5 a kilohaz 20, saurin da ake buƙata bai kai rabin bolt a mikrosakan ba. Duk IC mai bolt 3 a mikrosakan zuwa sama ya wadatar, da rara.

Mataki na 4: Tace 'yan takara

LM358 shi ne wanda kowa ke da shi a aljihun tebur, shi ne kuma na farko da za ka ajiye gefe. Sashen fitarsa yana yin ɗan tuntuɓe duk lokacin da sauti ke tsallaka sifili, sai ka ji ƙaiƙayi a cikin murya, musamman idan ka rage bolum. Yana da amfani a wasu ayyukan, ban da wannan.

TL072 na gargajiya yana da shiga irin ta FET, wato taransistar da kusan ba ta jan karent, yana cin kusan mA 1.4 kowane gida (op-amp biyu ne a cikin IC ɗin, kowanne gida ɗaya ne), batir na daɗewa da shi. Amma an yi shi ne don kaya mai ohm 2,000 zuwa sama. Ka ɗora masa ohm 32 sai sautin ya karye da zarar ka ɗaga bolum. Shuuu ɗinsa, wato ƙarar da yake yi shi kaɗai ba kiɗa, ma ya fi na sauran, 18 nV/√Hz. Shi ma 4558 haka, zai yi ƙara, amma saurinsa bai kai bolt 2 a mikrosakan ba kuma ba shi da ƙarfin tuƙi. Waɗannan biyun ka riƙe su don gwada ko haɗinka daidai ne, idan an yi kuskure su ne za su ƙone.

NE5532 ya fito daga kamfanin Signetics a 1979, har yau kuma yana cike da na'urorin haɗa sauti na situdiyo. Shuuu ɗinsa 5 nV/√Hz ne, yana tuƙa ohm 600 cikin sauƙi, iyakar karent ɗinsa kusan mA 38. Ga hedifon mai ohm 150 zuwa 600 a kan batir biyu, da wuya ka samu abin da ya fi shi a kuɗinsa. Aibinsa biyu: yana cin kusan mA 8, kuma Texas Instruments sun ba da shawarar kada wutarsa ta gaza bolt 5 kowane ɓangare, ka ga batir ɗaya bai cika masa ba ke nan.

NJM4556A, wanda za ka gani an rubuta masa JRC4556, shi nake fara miƙa wa duk mai hedifon daga ohm 16 zuwa 64. Yana fitar da mA 70, yana aiki tun daga bolt 2 kowane ɓangare, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. A takarda ba shi da abin burgewa, bolt 3 a mikrosakan da megahaz 8, shi ya sa masu son manyan lambobi ke raina shi. Amma amfilifayar nan da ake kira O2, wadda ta fito a 2011 kuma ta yi suna saboda kyawun sakamakonta a awo, da shi take tuƙa hedifon, NJM2068 kuma yana yi mata ninkin sauti a gaba. Dukansu biyu IC ne masu araha. Ɗan'uwansa NJM4580 ma yana aiki daga bolt 2, ya ɗan fi shi sauri, ya gaza shi ƙarfi. Idan shi ka samu, ka ɗauka.

OPA2134 shi aka fi sakawa a CMoy. Na Burr-Brown ne, kamfanin da Texas Instruments suka saye a 2000. Shigarsa FET ce, yana aiki daga bolt 2.5, yana ba da kusan mA 35. Dalilin da ya sa ya dace da sabon shiga shi ne ba ya ba da matsalar DC ko da an sa masa manyan razista. Sai dai ya fita daga sahun masu araha, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu. LM4562 ma haka: tsabtar sautinsa a awo ta kai matuƙa, 2.7 nV/√Hz, amma mA 26 kawai yake bayarwa, megahaz 55 ɗinsa kuma na sa shi saurin tayar da hankali a kan allon gwaji mai dogayen wayoyi.

Idan hannunka ya saba da manna ƙananan kaya, sababbin IC masu ƙafafun kwance, irin SOIC-8, sun cancanci dubawa. OPA1688 yana ba da mA 75, yana cin mA 1.6 kowane gida, fitarsa kuma tana kaiwa kusa da bakin wuta, abin da ya sa ya dace da batir ɗaya. OPA1678 ya fi shi araha, yana cin mA 2 kowane gida. Ana sayar da ƙaramin allo mai mayar da SOIC-8 zuwa DIP-8, ka manna shi a kai ka soka a soket.

Idan NE5532 kaɗai ke hannunka ga hedifon mai ohm 32, akwai dabara. Sa IC ɗaya ga kowane kunne. Gida na farko ya yi ninki, gida na biyu ya bi sawunsa a ninki ɗaya, sai ka haɗa fitarsu ta razista ƙanana, ohm 4.7 zuwa 10 kowanne. Karent ya ninka ke nan. Kada ka taɓa ɗaure fitar gida biyu kai tsaye ba razista, za su yi ta ja-in-ja da juna har IC ya yi zafi.

Mataki na 5: Lissafa DC kafin ka sauya IC

A nan ne aka fi ƙona hedifon. Mutum ya ga zanen CMoy, ba shi da OPA2134, sai ya soka NE5532 tunda ƙafafunsu ɗaya. Ga abin da ke faruwa. A zanen akwai razista 100k daga ƙafar shiga zuwa giraun, ninkin kuma 11 ne. Ƙafar shigar NE5532 tana jan kusan nA 200. Wannan karent ɗin idan ya ratsa 100k ya zama mV 20, IC ya ninka shi sau 11, sai ga mV 220 na DC zaune a kan hedifon. Zaren cikinsa na ɗumama, fatar da ke kaɗawa ta karkace gefe ɗaya, kuma duk lokacin da ka soka filogi za ka ji ƙas mai ƙarfi. Abin da akan yarda da shi shi ne ƙasa da mV 20, ga iyafis kuwa gwamma ƙasa da 10.

Op-amp mai shigar FET, irin OPA2134 da TL072 da OPA1678, abin da yake ja bai kai a kula ba, shi ya sa zanen ke tafiya da su yadda yake. Masu shigar taransista ta gargajiya, wato NE5532, 4556, 4580 da 4558, sai an gyara musu gida. Mayar da 100k ɗin zuwa 10k, ka rage ninki zuwa 3. Yanzu lissafin ya zama mV 2 sau 3, mV 6 ke nan. Amma da ka rage razistar, dole ka ƙara kafasitar shiga, in ba haka ba bes ya tafi: 0.1 µF da 100k suna fara yanke sauti daga haz 16 zuwa ƙasa, amma 0.1 µF da 10k daga haz 160 za su fara. Sa 2.2 µF, iyakar ta koma wajen haz 7. Kuma kafasitar ta zauna tsakanin bolum da IC, domin idan karent ɗin shiga yana bi ta cikin bolum, za ka riƙa jin ƙarar-ƙarar duk lokacin da ka murɗa.

Idan bayan duk wannan DC bai sauka ba, sa kafasita 470 µF a fita. Da hedifon mai ohm 32 tana yanke ƙasa da haz 11, wanda ba zai dame ka ba.

Mataki na 6: Ninki da zaman lafiyar IC

Ninki shi ne 1 a tara da razistar da ta dawo daga fita, an raba ta da wadda ta sauka giraun. 10k da 1k sun ba da 11, 2.2k da 1k sun ba da 3.2, 4.7k da 1k sun ba da 5.7. Ninki 11 ya yi yawa ga yawancin hedifon na yanzu. Yana ƙara shuuu, yana ƙara DC, yana kuma tilasta maka zama a gindin bolum, inda kunnen hagu da na dama ba sa daidaita. Wayar hannu kan fitar da abin da bai wuce bolt ɗaya ba, saboda haka ninki 2 zuwa 3 ya ishi mai ohm 32, ninki 4 zuwa 6 ya ishi mai ohm 300.

Amma da ka rage ninki, duba layin nan na biyar. NE5534, mai gida ɗaya, ba ya zama lafiya ƙasa da ninki 3 sai an ƙara masa kafasita 22 pF. OPA637 yana son ninki 5 zuwa sama. IC da bai zauna lafiya ba yakan riƙa kaɗawa shi kaɗai a megahaz, inda kunne ba ya ji. Alamominsa su ne zafi, cin batir fiye da abin da takarda ta ce, da DC mai canzawa idan ka kai yatsa kusa. Maganin farko shi ne 100 nF daga ƙafa ta 8 zuwa giraun, wata daga ƙafa ta 4 zuwa giraun, a manne da soket, ƙafafunsu gajeru. Na biyu, razista ƙarama a fita, bayan inda razistar ninki ta ɗauko, don ta raba IC da doguwar wayar hedifon. Kada ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na ohm ɗin hedifon, wato ohm 4 ga mai 32, in ba haka ba tana iya canza launin sautin.

Mataki na 7: Saye da gane jabu

Tabbatar mai gida biyu ka saya. A cikinsu ƙafa ta 8 ce fulos, ta 4 mainos, ta 1 da ta 7 fita, ta 2 da ta 6 shiga mai juyawa, ta 3 da ta 5 shiga marar juyawa. Mai gida ɗaya, irin OPA134 da NE5534, fulos ɗinsa a ƙafa ta 7 yake, fitarsa a ta 6. Lamba ɗaya ce ta raba OPA134 da OPA2134, amma ba sa zama a soket ɗin juna.

Jabu kuwa yawanci IC ne mai araha da aka goge bayansa aka buga masa suna mai tsada. Idan ka ga ana sayar da OPA2134 guda goma a kuɗin ɗaya, ka san inda aka dosa. Wannan ma wani dalili ne na zaɓar masu araha, ribar yi musu jabu kaɗan ce, ko da yake NE5532 bai tsira ba. Mita za ta taimake ka. NE5532 na gargajiya yana da dayod biyu masu kallon saɓanin juna tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3, saboda haka a wurin gwada dayod za ka ga kusan bolt 0.6 zuwa 0.7 ta kowace fuska. Bayan haka ba shi wuta, da 100k daga ƙafa ta 3 zuwa giraun, ka auna ƙafar. NE5532 zai nuna 'yan mV na mainos. Idan fulos ka gani, mai yiwuwa 4558 ne aka sauya wa riga. OPA2134 na gaskiya kusan sifili zai nuna, kuma zai ci kusan mA 8. Idan ya ci ƙasa da mA 3, TL072 ne ko makamancinsa.

Mataki na 8: Gwaji kafin ya kai kunne

Kafin ka soka IC, kunna wuta ka auna soket: fulos a ƙafa ta 8, mainos a ta 4, kowanne daga giraun, kuma su yi kusan daidai. Kashe, soka IC da ɗigonsa ko tsagarsa tana kallon inda ta soket ke kallo. Juya shi baya yana kashe shi nan take. Sa mita a layin batir ka kunna, ka kwatanta abin da yake ci da na takarda. Idan da razistocin raba wuta, ƙara kusan mA 1 a lissafi. Taɓa bayansa bayan minti ɗaya, ɗumi kaɗan ba laifi, zafin da zai sa ka janye yatsa matsala ne.

Ɗaura razista mai ohm 33 a kowace fita, ka auna DC da bolum a ƙasa, ka sake aunawa da bolum a sama. Idan duka biyun suna ƙasa da mV 20, sa tsohon iyafis ɗin ka saurara ba tare da kiɗa ba, ka ji ko akwai shuuu ko gurnani. Gurnani yawanci daga giraun yake ko wayar shiga marar sulke, ba daga IC ba, don haka kada ka yi saurin canza shi. Sai bayan wannan za ka kawo hedifon na gaske, bolum a sifili, ka ɗaga a hankali.

Idan kana son kwatanta IC biyu da kunne, kashe wuta kafin kowane sauyi, sake auna DC, ka kuma daidaita ƙarfin da mita: kunna sautin gwaji na haz 400, auna AC a fita, ka tabbatar lambar ɗaya ce a duka biyun. Wanda ya ɗan fi ƙara, ko da kaɗan ne, shi kunne kan ce ya fi daɗi. In da hali, wani ya riƙa sauya maka su ba tare da ka ga wanda ke ciki ba.